Zaɓen Kwamfutar Ɗalibi

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Saboda haka, ko a Katuzu kake ko a Nguru, sai ka zauna gaban na'ura kafin ka shiga jami'a. Idan kuma Allah ya sa ka sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ko a Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, za ka bukaci kwamfutar tafi-da-gidanka taka ta kanka. Wataƙila sai mahaifinka ya sayar da buhunan shinkafa kafin kuɗinta su haɗu. Irin wannan sayayya ba a yin ta sau biyu, don haka ya kamata ka san abin da za ka duba.

Yawancin masu saye kan tsaya ga launi da girman fuska. Amma abubuwa biyu da ido ba ya gani su ne suka fi muhimmanci. Na farko shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan guntun ƙarfen da ke yin lissafi. Na biyu shi ne babbar manhaja, wadda ke tafiyar da na'urar, kamar Windows ko macOS ko ChromeOS ko Linux.

Kowace ƙwaƙwalwa tana da harshen da take ji. Kai da kake koyon Hausa, alhali a gida Badanci ko Barbarci kuke yi, ka san abin da wannan ke nufi. Harsunan da suka fi yaɗuwa biyu ne. Akwai x86, na kamfanonin Intel da AMD, wanda yawancin kwamfutocin Windows ke amfani da shi. Akwai kuma ARM, wanda ke cikin kusan kowace wayar hannu. A shekarar 2020 kamfanin Apple ya fara sa ƙwaƙwalwa irin ta ARM, mai suna M1, a kwamfutocinsa. Manhajar da aka rubuta domin x86 ba ta aiki kai tsaye a kan ARM, sai da tafinta, wato wata manhaja mai fassara. Tafinta yana ƙoƙari, amma wani lokaci yakan gaza, musamman da tsofaffin manhajoji da na'urorin buga takarda.

To, me ya sa ake son ARM? Ba ta shan wuta sosai, kuma ba ta saurin ɗaukar zafi. Wanda ya san zafin Gashuwa a watan Afrilu, ya kuma san yadda wutar lantarki ke zuwa ta tafi, ba zai raina wannan ba. Wasu ma ba su da fanka, don haka ƙurar hunturu ba ta cika su. Sai dai suna da tsada, kuma idan suka lalace, samun mai gyara da kayan gyara yakan kai mutum Kano.

Chromebook tana da araha, kuma batirinta yana daɗewa. Amma an ƙera ta ne domin wanda ke da intanet a kodayaushe, kuma manhajojin Windows ba sa hawa kanta. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin data ya yi tunani tukuna. Linux kuwa kyauta ce. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991. Tana iya farfaɗo da tsohuwar kwamfuta, amma tana bukatar haƙuri da mai nuna hanya.

A ganina, ga yawancin ɗalibanmu, kwamfuta mai x86 da Windows ta fi dacewa, domin ita malamai ke amfani da ita, ita kuma masu gyara suka sani. Amma a nan ne tarkon yake, tunda galibi ta hannu ake saye. Akwai Windows mai bit 32, akwai mai bit 64. Mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4 na ma'adanar wucin gadi, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM. Ko an ƙara mata, ƙarin ba zai amfane ka ba. Ban da haka, kamfanin Microsoft ya sanya ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, mai bit 64 ce kawai. Tana bukatar aƙalla gigabait 4 na RAM da gigabait 64 na wurin ajiya, kuma a ƙa'ida ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na takwas. Mai shago yana iya tilasta ta a kan tsohuwar na'ura ya nuna maka tana aiki, amma babu tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, ka fara tambayar sashen da za ka yi karatu irin manhajojin da suke koyarwa da su. A shago kuma, ka roƙi a kunna maka kwamfutar. Shiga wurin saiti, ka buɗe shafin da aka rubuta About. A nan za ka ga sunan ƙwaƙwalwar da yawan RAM, da kuma ko bit 32 ce ko bit 64. Idan ka ga an rubuta i5-8250U, lamba 8 ta farko tana nufin zubi na takwas. Idan i5-4300U ce, zubi na huɗu ke nan, komai ƙyallin jikinta. Daga nan ka cire wayar caji, ka bar ta a kunne minti talatin, ka ga yadda batirin ke sauka.