Kumburin Muƙamuƙi Na Yara, Da Inda Ya Ke Fitowa

 Yau zancenmu a kan wata cuta ne wadda ta kan kama yara, galibi 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Sai a ga muƙamuƙin yaro ya kumbura, haƙora su yi ta girgiɗa, wani sa'i ido ya turo waje, ko kuwa ciki ya tashi. Wasu su ce hangum ne. Amma hangum ya kan sauka cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan kuwa ba ya sauka, yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai zargi ya tashi a gida, a ce sammu ne, a ce kishiya ce, a ce tsohuwar nan ta bayan kasuwa.

To, ku kasa kunne. A shekara ta 1957 wani likita mai bin Yesu, sunansa Denis Burkitt, mutumin Ailan, yana aiki a asibitin Mulago a Kampala ta ƙasar Yuganda, aka kawo masa yaro da irin wannan kumburi. Ba a jima ba ya ga wani. Ya aika da takardu asibitoci da yawa yana tambaya. A 1961 shi da likitocin mishan biyu suka shiga mota suka yi tafiya wajen mil 10,000, asibiti zuwa asibiti. Suka tarar cutar ta fi yawa inda akwai zafi da ruwan sama, a kan tuddai masu sanyi kuwa da wuya a gan ta. Watau inda sauro ya ke, nan ta ke.

A cikin 1961 ɗin nan ya yi jawabi a Landan, wani mai bincike, Anthony Epstein, yana zaune yana ji. Ya roƙa a riƙa aiko masa da tsokar kumburin daga Kampala. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wata ƙwayar cuta a ciki, ƙanƙanuwa ƙwarai, sai da madubi mai aiki da lantarki a ke ganinta. Ita ce ta fari da aka gane tana jawo ciwon daji ga ɗan adam.

Ga abin mamaki: cikin manya 10, wajen 9 suna ɗauke da ita, ni da ku duka, ba ta kuwa yi mana kome ba. Ta miyau ta ke bi, yaro ya kan same ta tun yana goye. Tana ɓuya cikin fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa. Idan zazzaɓin cizon sauro ya yi ta komowa, sai waɗannan ƙwayoyi su yi ta haihuwa da gaggawa, masu tsaron jiki kuma sun gaji. Cikin wannan gaggawa ɗaya ta kan lalace, ta ƙi tsayawa. Mafarin kumburin ke nan.

A Yohanna sura 9 almajirai suka ga makaho, suka nemi sanin laifin wane ne. Yesu bai ɗora wa mutumin ko iyayensa ba, ya warkar da shi. Don me mu kuwa za mu ɗora wa kishiya abin da sauro ya taimaka ya kawo?

Kada a kai yaron wurin wanzami a tsaga, kada a cire haƙori a ce an gama. Saurin girman nan shi ne kuma ya sa magani ke cin cutar, har a kan ga kumburi ya fara sauka cikin 'yan kwanaki. Amma fa sai an gama alluran duka, gama wanda ya gudu da yaro don ya ga sauƙi, kumburi ya kan komo masa. A Gana ana yin wannan magani a Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a Kumasi, a Kamaru akwai asibitocin Baftis na Mbingo da Banso. Mu yi addu'a, a bar wa maƙwabci tsaron rumfa, a kama hanya a cikin makon nan. Sauran yaran gida kuma su kwana cikin gidan sauro.