Macen da ke Babban Aiki da Tsarin Gidanta

Idan yarinya daga Achilafiya ta kammala sakandare, ta shiga makarantar koyon ungozoma ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ba rayuwarta kaɗai ke sauyawa ba. Gidan da za ta zauna a cikinsa ma yakan sake fasali.

Abu na farko da masana ƙidayar jama'a suka lura da shi shi ne haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa macen da ba ta yi boko ba takan haifi kimanin 'ya'ya 6.7, wadda ta wuce sakandare kuwa 3.4. A Jihar Jigawa adadin ya kai 7.1. Dalilin ba boyayye ba ne: shekarun karatu kan jinkirta aure ko haihuwar fari, aiki kuma kan sa a ba da tazara.

Sai batun kuɗi. A shari'ar Musulunci ciyarwa da tufatarwa hakkin miji ne, albashin mace nata ne. Amma a zahiri sau da yawa wannan albashi kan tafi ga kuɗin makarantar yara da magani, har da taimakon iyayenta. Wannan kan ƙara mata murya a shawarar gida, wani lokaci kuma ya zama tushen saɓani.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a asibitin Kazaure tana dawowa ta tarar da girki da wanki suna jiranta. Masaniyar halayyar zaman jama'a ta Amurka, Arlie Hochschild, ta kira wannan aiki na biyu a littafinta na 1989. Claudia Goldin kuwa, wadda ta sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa giɓin albashi tsakanin maza da mata yakan buɗe ne bayan haihuwar fari. A ƙauye, kaka ko uwar miji ko ƙanwa kan ɗauke raino. Da zarar an yi wa mace canjin wurin aiki zuwa Dutse, wannan gata ya yanke. Ga kuma shayarwa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, alhali Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun haihuwa na mako 12 kacal.

Wannan matsala ce ta sa shirin horar da mata ma'aikatan lafiya da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 a jihohin Arewa, ciki har da Jigawa, ya samar da ɗakunan raino a makarantun jinya, domin ɗaliba mai goyo ta fita daga aji ta shayar da ɗanta, ta koma darasi.