Kafin a ce yaron shago ɓarawo ne, a binciki lissafin kwamfuta

Wani abu da ya faru a nan Damagaram ne ya sa na ɗauko wannan magana a yau, don na san akwai shaguna da yawa da irinsa zai iya faɗa musu.

Wata hajiya da na sani tana da shagon sari a Kasuwar Dole, tana saida shinkafa da mai da sabulu. Shekara biyu ke nan da wani ɗalibi ya haɗa mata ƴar manhajar lissafi a kwamfutar da ke kan teburin shagon. Yaron da ke riƙe mata aljihun kuɗi ɗan Kara-Kara ne, bai taɓa ɗaukar mata ko dala ba. Rannan ƙarshen wata ya zo, kwamfuta ta nuna akwai giɓin sefa 48.000. Kun san yadda bakin mutane yake game da wannan unguwa tamu. Kafin la'asar har maƙwabtan shago sun yanke hukunci, wasu na cewa a kai shi wurin ƴan sanda.

Hajiya ta yi haƙuri ta sa aka kira ɗalibin. Da ya zo bai taɓa komai ba, sai ya ce a kawo littafin takarda, ya bi shi layi-layi yana gwadawa da abin da ke cikin inji. Can ya lura da cewa kuɗin dako da na mota da aka shigar a watan sefa 12.000 ne, giɓin kuwa ninkinsu huɗu ne cif. Ashe da maraice, idan yaron ya tashi, ƴar hajiya ce take zama gaban inji. Uwar ta ce mata ta rubuta ɗari huɗu na ƴan dako, ita kuwa ta buga 400. Alhali a bakin kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce, ke nan ɗari huɗu jaka biyu ce, sefa 2.000. Abin da ya fita da gaske 60.000 ne, inji ya san da 12.000 kawai. Babu ɓarawo a shagon. Ɗalibin ya gyara manhajar: yanzu idan an buga adadi da sefa, tana nuna shi da dala a ƙasa, ta jira a amince.

Darasin shi ne kwamfuta ba ta san kasuwa ba, abin da aka ba ta shi take tarawa. Kuma galibin matsalolinta ƴan kaɗan ne da ke ta maimaituwa, kowace da alamarta.

Waƙafi da ɗigo

Mu nan da tsarin Faransanci aka saita yawancin injunanmu, inda waƙafi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa: 1,5 na nufin ɗaya da rabi. A Najeriya kuwa ɗigo ne ke yin wannan aiki, waƙafi na raba dubbai. Saboda haka idan dillalinki na Kantin Kwari ko kasuwar Singa a Kano ya turo miki jerin farashi ya rubuta 1,500, shi naira dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi, amma Excel ɗinki na iya karanta shi ɗaya da rabi. Wani lokaci ma ba ya ɗaukarsa a matsayin adadi sam, sai ya tsallake shi wajen tarawa. Alamar mai sauƙi ce: in ba a canza tsarin gidan ba, adadi yana jingina ta dama, rubutu ta hagu. Duk kuɗin da kika ga ya koma hagu, ba ya cikin jimilla. Haka nan lambobin wayar Najeriya masu alƙaluma 11 da ke farawa da sifiri: Excel yana jefar da sifirin, sai an gaya masa cewa gidan na rubutu ne.

Mutum ɗaya, suna biyu

Yaron da ya yi lakwal zai rubuta Ousmane, wanda ya saba da rubutun Hausa ya rubuta Usman. A wurin inji mutane biyu ne, sai bashin mutum guda ya rabu gida biyu, a karɓi rabi a manta da rabi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ma suna kawo nasu: tsohuwar manhaja takan maida su alamar tambaya ko ƴan akwatuna, wanda kuma aka rubuta da Ɗ ba lalle a same shi ba idan an nema da D. Magani a ba kowane abokin ciniki lamba tasa, a kuma tsaya kan rubutu iri ɗaya. Mai haɗa manhaja kuwa ya yi aiki da tsarin Unicode, wanda ya tanadi waɗannan haruffa.

Kwanan wata ya koma baya

Idan kowace safiya kun kunna inji kun tarar da agogonsa ya koma wata shekara da ta wuce, ba aljanu ba ne. Akwai wani ɗan batir kamar kwabo a cikinsa, CR2032, shi ke riƙe lokaci idan an kashe. Idan ya mutu, cinikin yau sai ya faɗa cikin wata tsohuwar shekara, a duba lissafin wata a ga kamar ba a sayar da komai ba. Canza shi aikin ƴan mintoci ne. Kafin a buɗe ciniki a riƙa kallon kwanan watan da ke kusurwar allo.

Ɗaukewar wuta

Wannan ba sai an faɗa wa mutanen Damagaram ba. Wutar da Nigelec ke raba mana, kaso mai yawa daga Najeriya yake zuwa, mun kuma ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai cikin 2024. Idan wuta ta ɗauke daidai lokacin da manhaja ke ajiye lissafi, kundin na iya lalacewa ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Akwatin batirin nan da masu gyara ke kira ondilar yana ba da ƴan mintocin da za a adana aiki a kashe inji cikin natsuwa. Amma abin da ya fi shi shi ne kwafi. Kowace maraice a kwafe kundin a wuri na biyu, a tafi da shi gida. Kwafin da ya kwana a shago ɗaya da inji, gobara ɗaya ce za ta cinye su.

Cutar da ke bin kile

Kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin inji, shi ne babban mai yawo da cuta. An kai shi wurin buga takardu, an dawo, sai a ga kundaye sun ɓace ko sun zama gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a jiki. Sau da yawa kundayen na nan, ɓoye su cutar ta yi. Kada a danna su, kada kuma a yarda wani ya share kilen da sunan gyara kafin a ciro abin da ke ciki. A ware kile guda na shago wanda ba ya shiga injin kowa. A kuma sani cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma ya kai ƙarshen wa'adinsa ranar 14 ga Oktoban 2025. Injin hannu da aka sayo da tsohon tsari ya fi saurin kamuwa, gara a bar shi ga lissafi kawai, ban da yawon intanet da kallon fina-finai.

Kafin a kira mai gyara

Wanda ya je asibiti ya ce wa likita jikinsa ne kawai ba daɗi, ya wahalar da likita. Haka mai gyaran manhaja. A tanadar masa amsar abubuwa huɗu: me ake yi lokacin da matsalar ta fito, yaushe ta fara, me ya canza a ranar, sannan tana sake fitowa idan an maimaita aikin ko a'a. Idan wani rubutu ya bayyana a allo, ko da Faransanci ne ko Turanci, a ɗauki hotonsa da waya kafin a rufe. Shi kuma mai gyara na ƙwarai za ku gane shi da abu biyu: yana yin kwafi kafin ya sa hannu, yana kuma canza abu ɗaya ya gwada kafin ya taɓa na biyu. Wanda daga zuwa ya ce a goge komai a sake zubawa, a dakatar da shi.

Sannan kada a jefar da littafin takarda. Shi ne ya wanke yaron nan, don ba don shi ba da babu abin da za a gwada inji da shi. Yaron yana nan a shagon har yau, hajiya ta ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka zarge shi, ƴarta kuma ta koyi maida dala sefa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.