Halilu ɗan Ahmadu, Mutumin da Ya Ƙidaya Larabci da Kunne

Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san lokacin da ake cewa yaro ya fita daga babbaƙu ya shiga farfaru. Baƙaƙen da jiya suke tsaye ba murya, yau an ɗora musu wasali: ɗan layi a bisa, ɗan layi a ƙasa, rufu'a mai kama da ƙaramin wawun. Malam ya faɗa, yaro ya maimaita, ba mai tambayar wa ya fara zana waɗannan alamomi. To, suna da mai su. Sunansa Halilu ɗan Ahmadu Alfarahidi, kuma wasulan nan su ne mafi ƙanƙanta cikin abin da ya bari.

An haife shi wajen shekara ta 100 bayan Hijira, wato 718 Miladiyya, a ƙasar Oman, cikin ƙabilar Azdu. Amma Basra ta Iraƙi ce ta raine shi, a can ya yi karatu wurin manya irin su Abu Amru ɗan Ala'i da Isa ɗan Umar Assaƙafi, a can kuma ya ƙare rayuwarsa. Basra a wancan zamani gari ne na cakuɗa. Ga Larabawan ƙauye da ke shigowa kasuwar Mirbad da raƙumansu da waƙoƙinsu, ga Farisawa da sauran waɗanda suka musulunta suna fama da harshen da ba da shi aka haife su ba. Kuskure ya fara yawa a baki, har a karatun Alƙur'ani. Malaman garin suka ga idan ba a kafa wa harshen ƙa'ida ba, abin da zai biyo baya ba zai yi kyau ba.

Kafin Halilu an riga an yi yunƙuri. Abul Aswad Addu'ali ya kawo ɗige-ɗige na jan tawada: ɗigo a bisa fataha ce, a ƙasa kasara, a gaban baƙi rufu'a. Sai dai daga baya aka ƙara wasu ɗigogin don bambanta ba da ta da sa, shafi ya cika da ɗigo, ido ya rasa na kamawa. Dabarar Halilu mai sauƙi ce har mutum ya ce ai ni ma da na yi. Tun da wasali guntun sautin alif da wawun da ya ne, sai ya ɗauko siffarsa daga gare su: ƙaramin alif a kwance ya zama fataha, ƙaramin wawun ya zama rufu'a. Shadda ya yanko ta daga kan harafin shinun, hamza kuma daga kan ain. Mahaddatanmu masu rubuta Alƙur'ani da hannu har yau da jan tawada suke sa wasali, siffar ta Halilu ce, launin kuwa gadon tsohon tsari ne.

Inda mutumin ya fi ba ni mamaki shi ne ƙamus ɗinsa, Kitabul Ain, wanda ake lissafa shi a matsayin cikakken ƙamus na farko a Larabci. Masu tattara kalmomi a zamaninsa sukan bi jigo ne, wannan ya rubuta ɗan littafi kan sunayen doki, wancan kan raƙumi ko dabino. Shi kuwa ya yi wa kansa tambayar da ba wanda ya yi: yaya za a tabbata ba a bar kalma ko ɗaya a baya ba? Yawo cikin sahara da alƙalami ba zai ba da wannan tabbaci ba, domin abin da ka ji kawai za ka rubuta. Sai ya koma ga lissafi.

Kalmar Larabci tana da saiwa, baƙaƙe biyu ko uku ko huɗu ko biyar. Baƙaƙe biyu ana iya jera su hanya 2, uku hanya 6, huɗu hanya 24, biyar hanya 120. A ɗauki ba da ha da ra. Juya su ka samu bahru, teku. Sake juyawa ka samu harbu, yaƙi. Ga hibru, tawada. Ga ribhu, wadda muka ara muka ce riba. Ga rahbu, yalwa, dangin marhaban da muke yi wa baƙo. Ga bariha, ya gusa daga wuri. Shida cif, kuma a wannan saiwa duka shidan Larabawa na amfani da su. A wata saiwar sai ka tarar uku ne kawai ke da ma'ana, sauran ya rubuta cewa muhmal ne, wato an yi watsi da su. Da wannan taru ya kewaye harshen gaba ɗaya, sannan ya zauna yana tantance abin da ya kama.

Bai jera baƙaƙen a tsarin alif, ba, ta ba. Ya ɗanɗana su ne a bakinsa, ya sa alif a gaban kowane ya furta, ab, at, ah, yana lura da inda sautin ke tsayawa. Ya fara daga can cikin maƙogwaro ya gangaro zuwa leɓe: ain, ha, ha mai sauƙi, kha, gain, ƙaf, kaf, har zuwa fa da ba da mim. Shi ya sa littafin ya ci sunan Ain. Ɗalibin tajwidi da ke haddar mafitar haruffa a Islamiyya, kan hanyar da mutumin nan ya share yake tafiya.

Gaskiya dai tsarin yana da wuyar sha'ani. Mai neman kalma sai ya haddace jerin maƙogwaro, ya gano wane baƙi ne ya riga sauran, sannan ya shiga babinsa. Don haka marubutan baya suka sauƙaƙa, Jauhari ya bi baƙin ƙarshe na saiwa, Ibn Manzur mai Lisanul Arab da Fairuzabadi mai Alƙamus suka bi sahunsa. (Daga sunan littafin Fairuzabadi ne ma muka samu kalmar ƙamus, asalinta teku take nufi.) Akwai kuma tsohuwar jayayya a kan Ain kansa, domin ta hannun almajirinsa Laisu ɗan Muzaffar na Khurasan littafin ya fito, har malamai irin su Azhari suka riƙa jingina kurakuran cikinsa ga Laisu. Ra'ayin da ya fi kwanta mini shi ne na masu cewa tsari da gabatarwa na Halilu ne, ciko kuwa hannu fiye da ɗaya ya taɓa shi. An buga shi a Bagadaza cikin juzu'i 8 a shekarun 1980.

Sai aruli, ilimin awon waƙa. Larabawa sun shekara ɗaruruwa suna waƙa kafin a haifi Halilu, kunnensu na gane baitin da ya karye, amma ba mai iya cewa ga dalili. Ana ba da labarin cewa wucewa ya yi ta kasuwar maƙeran tagulla, bugun guduma ya tsaya masa a kunne, ya koma gida yana yanka baitoci gunduwa-gunduwa. Har an ce ɗansa ya same shi yana wannan gunaguni ya fita ya shaida wa mutane baba ya zautu. Abin da ya fito da shi bahari 15 ne, wato karin waƙa, a cikin da'ira 5, daga baya Akhfash ya ƙara na 16, Mutadarak. Sunayen ma daga tantin Balaraben ƙauye ya aro su: baiti shi ne ɗakin, sababu igiyarsa, watadu turkensa.

Bahaushe na iya gwada abin a bakinsa, domin Hausa ma tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ka ce Kanawa, ka ja na da wa: fa'ulun ke nan a ma'aunin Halilu. Ka ce malami: fa'ilun. Ka ce almajiri: mustaf'ilun. Haɗa biyun ƙarshe, almajiri malami, ka maimaita, za ka ji ka hau karin Basiɗi, wanda Busiri ya yi Alburda a kansa. Wannan dacewa ce ta sa malaman jihadin Sakkwato da waɗanda suka biyo su suka iya zuba waƙar Hausa a ma'aunin Halilu ba tare da an ji baƙunta ba. Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya yi kan aruli da ƙafiya.

A nahawu kuwa bai bar babban littafi da sunansa ba, almajiri ya bari. Sibawaihi, Bafarishe, ya rubuta Alkitab, uwar littattafan nahawu, ya ambaci malaminsa a ciki ɗaruruwan lokuta. Sau da yawa ma ba ya kiran suna, sai dai ya ce na tambaye shi, mai karatu ya san wa ake nufi. Asma'i da Nadru ɗan Shumail su ma a gaban Halilu suka durƙusa.

Duk da haka a bukkar kara ya zauna. Nadru ne ya ba da shaidar cewa almajiran suna ta samun dukiya da iliminsa shi kuwa ko kwabo biyu ba ya iya haɗawa. Wani gwamna ya aiko a ɗauke shi ya koyar da 'ya'yansa, ya fito wa manzon da busasshiyar gurasa ya nuna masa, ya ce muddin yana samun wannan ba shi da buƙatar mai aiken.

Ya rasu a Basra, wasu suka ce a shekara ta 170, wasu 175 bayan Hijira, wato tsakanin 786 da 791. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya shiga masallaci ne hankalinsa na kan wata hanyar lissafi da yake son ƙirƙirowa, wadda kuyanga za ta je wurin mai kanti da ita a kasa cutar ta, sai ya yi karo da ginshiƙi ya faɗi, ciwon ya zama ajalinsa. Allah ya jiƙansa. Malamin da ke ɗora wa yara wasali gobe da safe, don Allah ya faɗa musu sunan wanda ya zana shi.