Katanga ba ta tare idon da ke sama

Bahaushe ya gina zaure da doguwar katanga domin sirrin iyalinsa, ya bar tsakar gida a buɗe, tunda babu mai leƙowa daga sama sai tsuntsu. Ƙananan jirage marasa matuƙa masu ɗauke da kyamara sun rushe wannan lissafi. Mai hoton biki zai tayar da jirginsa don ya kama ayarin amarya, sai hoton ya haɗa da matar maƙwabci tana wanki babu mayafi, washegari ga ta a TikTok.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa. Tun 2016 kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta hana tayar da waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Sai dai abin da ya dame su tsaro ne, ba suturar gidaje ba. A Ingila, wadda kotunanmu kan duba hukunce-hukuncenta, an yanke a shari'ar Bernstein ta 1977 cewa ɗaukar hoton gida daga jirgin da ke can sama ba keta haddi ba ne. Amma na yau daf da rufi yake shawagi.

A ganina, wajibi ne majalisa ta ƙayyade nisan da jirgi zai kusanci gidan wani, ta kuma haramta yaɗa hoton cikin gida ba da yardar masu shi ba. Kafin nan, mai biki ya nemi izinin maƙwabta tun kafin jirgi ya tashi.