Ƙwayar da ke gadin zafi dare da rana

Kaza mai kwanci takan riƙe ƙwanta da ɗumi daidai har kwana 21. Mai injin ƙyanƙyasa kuwa sai ya samu wanda zai tsayar masa da zafin a wajen digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana. Mai wannan gadi wata 'yar ƙwaya ce baƙa, da kaɗan ta fi ƙwayar shinkafa, irin wadda masu gyaran waya ke kira aisi.

Buƙatar ta daɗe. A 1883 wani malamin makaranta a jihar Wiskonsin ta Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar tamostat mai aiki da lantarki, don ya gaji da yadda azuzuwa ke yin zafi ko sanyi fiye da kima. Tsofaffin tamostat ƙarfe biyu ne aka manna, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa idan ya ji zafi, sai su lanƙwashe su katse wuta. Har gobe haka dutsen guga ke aiki, shi ne ɗan "ƙas" ɗin da ake ji.

A ƙwayar zamani babu abin da ke motsi. Sirrin yana cikin silikon. Idan lantarki na ratsa transista, ƙarfin da ke tsakanin ƙafafunta biyu yakan ragu da kusan milibolt 2 duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Wannan ɗabi'a ba ta saɓawa, shi ya sa aka mayar da ita ma'auni. Daga nan wani sashe ya juya ƙarfin zuwa lamba. Ƙwayar LM75 da kamfanin National Semiconductor ya ƙirƙira tana auna daga digiri 55 ƙasa da sifiri zuwa 125, rabin digiri-rabin digiri. DS18B20 da kamfanin Dallas Semiconductor ya ƙirƙira ta fi ta ido, tana rarrabe digiri 0.0625, kuma kowace ɗaya na da lambar shaidarta, har a jera su da yawa a kan waya guda.

Amma aunawa rabin aiki ne. Hikimar tana wajen iyaka biyu da ake rubuta wa ƙwayar, ta sama da ta ƙasa. A ce mai kaji ya sa 37.8 da 37.3. Zafi na taɓa 37.8 sai ƙwayar ta umarci rile, wato makunnin wuta, ya kashe hita. Ba za ta sake kunnawa ba, ko zafin ya fara sauka, sai ya kai 37.3. Da iyaka ɗaya ce, da rile ya yi ta kunnawa da kashewa har ya ƙone. Idan firji ne, kwamfuresa ce za ta ji a jikinta. Tazarar nan ita ce haƙurin na'ura: in ta yi faɗi ƙwai ya lalace, in ta matse inji ya wahala. Ƙwayar DS1620 ma takan riƙe iyakokinta ko an ɗauke wuta, ta ci gaba da aiki ita kaɗai ba tare da kwamfuta ba. Duk wanda ya san halin lantarkinmu ya san darajar wannan.

Sai dai ƙwayar zafin jikinta kawai take ji. In aka liƙa ta kusa da hita, za ta ce komai lafiya alhali ƙwan da ke lungu ya yi sanyi. Haka a firjin asibiti, inda yawancin alluran rigakafi ke buƙatar digiri 2 zuwa 8: in aka ajiye ta nesa da kwalaben, maganin yara na iya daskarewa allo na nuna daidai. Don haka nake roƙon matasanmu masu haɗa injin ƙyanƙyasa da masu kula da firjin magani, su sa ƙwayar a inda kayan suke, su kuma riƙa gwada ta da wani ma'aunin da suka amince da shi. Ita za ta yi gadinta da gaskiya, amma zaɓen wurin da za ta tsaya aikinmu ne.