Rinin Ɗauri, Daga Kura Zuwa Kurume

Kura gari ne da turkudinsa ya daɗe yana naɗe kawunan Buzaye har cikin hamada, amma ƙalilan ne daga mutanen yau suka san cewa ilmin nan na karofi, na jiƙa baba da toka cikin rami a yi haƙuri kwanaki har ruwan ya nuna, yana da ɗan'uwa a ƙasar Japan.

A wurinmu farin ƙyalle ake ɗaurewa da zare, ko a ɗinke shi tamau, a tsoma a marina, inda duk ɗauri ya kama sai baba ya rasa mashiga, idan an kwance sai zane ya bayyana. Su kuwa masaƙan garin Kurume na Japan, zaren suke ɗaurewa gaɓa-gaɓa tun bai hau masaƙa ba, su rina, su kwance, sa'an nan su saƙa bisa lissafi, har fari ya gamu da fari, sura ta fito da ɗan dushi-dushi a gefenta, wanda shi ne adon tufar da suke kira kasuri. An ruwaito cewa wata yarinya, Inoue Den, ita ta ƙago irin na Kurume wajen 1800.

Lokacin da Bature mai yawon bincike, Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin ƙasar. Da Jamusawa suka fitar da shunin masana'anta kasuwa a 1897, jarrabawa guda ce ta sauko wa marinan duniya, illa dai hukumar Japan ta sanya kasurin Kurume cikin gadon da ya wajaba a kiyaye a 1957, bisa sharaɗin ɗaurin hannu, da baba na asali, da masaƙar hannu, alhali mu kuwa ramukanmu da yawa sun cike da shara.

Imam Gazali ya lissafa saƙa cikin sana'o'in da suke farilla kifaya. Don haka muna roƙon hakimai da dagatai na Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, su nemo dattawan marina da masaƙan da suka rage, a haɗa su da almajirai tun suna da rai.